Indomin Mota: Gwada Ta, Canza Ta, da Abin da Ke Biyo Bayan Cire Ta

Indomi, a bakin kanikawa da direbobi, ita ce tukunyar ƙarfen nan da ke jikin bututun salansa, tsakanin inji da babbar tukunyar baya mai rage ƙara. Idan aka yanka ta aka leƙa, za a ga curin tangaran mai dubban ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, an naɗe shi da wani bargo mai jure zafi don kada ya riƙa bugun ƙarfe. A yawancin motoci, kowane inci ɗaya murabba'i na fuskar curin yana ɗauke da ramuka wajen 400. An shafe bangon ramukan da wani siririn shafe mai ɗauke da ƙarafa uku masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda duka nauyinsu a mota ɗaya bai wuce 'yan giram ba.

Hayaƙin injin fetur yana fitowa da guba iri uku. Akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen wuri. Akwai ragowar man da bai ƙone ba. Sai iskar naitirojin oksaid mai cutar da huhu. Indomi ba ta tare waɗannan ta adana. Yayin da hayaƙin ke ratsa ramukan, ƙarafan nan suna sa gubar ta juye ta koma tururin ruwa da iskar naitirojin da kabon dayoksaid. Sharaɗi biyu take buƙata kafin ta yi wannan aiki. Na farko zafi: ba ta fara aiki sai ta kai maki 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, kuma tana aikinta na yau da kullum tsakanin 400 da 800. Na biyu daidaiton mai da iska, wato nauyin iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur. Sensar oksijin da ke ɗaure a bututu kafin indomi ita ke sansanar hayaƙi tana kai rahoto ga birenbos, wato kwamfutar motar, ita kuma birenbos tana ƙara mai ko ta rage. Saboda haka indomi da sensa da birenbos abu ɗaya ne, ba a taɓa ɗaya ba tare da sauran sun ji a jikinsu ba.

Amurka ce ta fara sa indomi a yawancin sabbin motocinta daga samfurin 1975, bayan dokar tsabtace iska ta 1970. Kamfanin Volvo, tare da Bosch, ya fito da tsarin da ya haɗa ta da sensa a 1976. A Turai kuwa, daga 1993 duk sabuwar motar fetur sai da indomi. Ke nan motocin Beljiyam da ke zirga-zirga a kan titin Gusau zuwa Sakkwato, suna tsayawa a tashar Talata Mafara da Lambar Bakura, irin su Golf 3 da Sharon da Vectra da Carina E da Corolla da Accord, kusan dukkansu da ita aka ƙera su. Tsohuwar Fijo 504 haɗin Kaduna mai kafireto ba ta taɓa samun indomi ba, don haka mai ita ba shi da abin nema a ƙarƙashinta.

Akwai wani rabe-rabe da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin zai sake tasowa. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga wajen 2001, suna da sensa ta biyu a bayan indomi, wadda ke sa ido a kan aikinta. Waɗanda suka girme su, kamar yawancin Golf 3, sensa ɗaya gare su, a gaba. Wurin zaman indomin ma ya bambanta: a wasu motoci tana ƙarƙashin mazaunin direba, a wasu tana manne da manifol a jikin inji, masu injin V6 irin Sienna kuwa suna da biyu ko uku.

Abin da ke kashe ta

Indomi ba ta da wani abu mai motsi a cikinta, kuma a motar da injinta ke lafiya tana iya kai tsawon rayuwar motar. Idan ta mutu, kusan kullum akwai abin da ya kashe ta, kuma abin yana nan a cikin motar yana jiran wadda za a sa. Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa a gareji.

Babban makashinta ɗanyen fetur ne. Idan fulogi ya mutu, ko kwayil ya raunana, ko nozil yana yoyo, man da bai ƙone a silinda ba sai ya bi salansa ya je ya kama da wuta a cikin indomi. Zafin yana haura maki 1,000, tangaran ya narke, ramuka su toshe. Direban da ya ji motarsa tana misin tun daga Maru, ya ce bari ya lallaɓa ya sauke fasinja a Sakkwato tukuna, yana iya isa da narkakkiyar indomi a kan kuɗin fulogi huɗu. Idan fitilar cek injin tana ƙiftawa maimakon ta tsaya a kunne, ma'anarta ke nan: misin ɗin ya kai wanda zai ƙona indomi, a tsaya. Wasu al'adun gareji ma suna taimakawa wajen wannan ɓarna, kamar zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki don gano silindar da ta mutu, da yawan tayar da mota da turi, da tuƙi har mai ya ƙare ƙarƙaf a tanki.

Na biyu guba ce da ke lulluɓe ƙarafan. Injin da ringinsa ya gaji yana shan baƙin mai, sinadaran da ke cikin baƙin man kuma, musamman fosfaras da zinki, suna daskarewa a bangon ramuka. Gaskit ɗin tof silinda da ya ƙone yana tura ruwan lagireto cikin hayaƙi. Gam ɗin silikon da ake lafta wa inji ba bisa ƙa'ida ba yana kashe sensa. Mafi munin gubar indomi dai ita ce dalma. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a gabatar musu da ita, tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara. Wannan ƙarfen ne aka shafe shekaru ana zubawa a fetur, yana fita ta salansa mutane na shaƙa, kuma zuwan indomi, wadda ba ta jure shi ko kaɗan, yana cikin abubuwan da suka tilasta aka daina. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar fetur mai dalma zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Abin da ya rage yanzu shi ne fetur mai yawan farar wuta, da gurɓataccen mai. An ga irin ɓarnar gurɓataccen mai a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam. A garuruwan da gidan mai ke iya wuni a rufe, dole wani lokaci a sha na 'yan bumburutu. Abin da za a iya yi shi ne a riƙe mai sayarwa ɗaya da aka amince da shi, a tace man kafin a zuba, a guji wanda ke warin kananzir.

Na uku duka ne da ruwa. Motar da aka danƙara wa buhunan shinkafa ko dankali daga gonakin noman rani na Bakolori takan zauna ƙasa sosai, cikinta yana dukan tudun hanya da duwatsu a kan hanyoyin burji na ƙauyukan Bakura da Maradun. Duka ɗaya mai kyau ya isa ya tsaga tangaran. Da damina kuma, idan indomi ta yi zafi aka faɗa da ita cikin kwarin da ruwa ya cika, ƙarfen waje yana tsukewa nan take ya matse curin har ya fashe.

Gane matacciya

Mutuwar indomi iri uku ce: ko ta toshe, ko ta farfashe, ko ta daina aiki alhali hayaƙi na wucewa. Kowace da alamarta.

Toshewa ita ce mai sa a kawo mota gareji. Mota tana tashi lafiya, tana silo lafiya, amma da an taka totur sai ta ƙi tafiya, musamman a hawa ko da lodi, kuma abin yana ƙaruwa yayin da inji ke ɗaukar zafi. Ƙasan motar yana zafi har fasinja ya ji a tafin ƙafarsa, wani lokaci da dare a ga tukunyar ta yi ja. Matsalar ita ce famfon mai da ya raunana, da filtar mai da ta cika, da iyakilinar da ƙurar hunturu ta toshe, duk suna ba da kusan wannan alama. Shi ya sa ba a yanke wa indomi hukunci da kunne.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a bari inji ya huce, a kwance sensar gaba da sufana mai lamba 22, a bar ramin a buɗe, a ɗan taka motar tazara kaɗan. Za ta yi ƙara, fitila za ta kama, amma idan ƙarfinta ya dawo, to toshewar tana bayan wannan rami. A kula kada hayaƙin da ke fita ya doki waya ko roba, kuma kada a wuce 'yan mintoci. Wanda ke da agogon auna matsin iska sai ya ɗaura shi a ramin sensar: a silo bai kamata allurar ta wuce fam ɗaya da rabi ba, a juyi 2,500 kuma kada ta haura fam uku. Sannan a tuna cewa gutsattsarin indomin da ta fashe sukan gangara su cushe tukunyar baya, don haka toshewar na iya zama can.

Farfashewa ana gane ta da hannu. Idan salansa ta huce, a ɗan bubbuga tukunyar da tafin hannu ko gudumar roba. Lafiyayya tana ba da sauti a cike. Fasasshiya za a ji tsakuwa na kaɗawa a ciki. Kafin a zarge ta, a taɓa farantin kare zafi da ke samanta, domin shi ma idan kusarsa ta kwance yana irin wannan kacau-kacau.

Daina aiki kuwa sai da na'urar sikanin, kuma a motoci masu sensa biyu ne kawai. Lambar P0420 tana nufin aikin indomi ya yi ƙasa, P0430 kuma ɗaya ɓarin ne a injin V6. Lamba ba hukunci ba ce. Mai sikanin da ya san aikinsa zai bar inji ya yi zafi ya kalli rahoton sensocin biyu yana gudana. Ta gaba, idan tsohuwar ƙira ce, tana hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ta baya kuwa ya kamata ta kasance a natse. Idan ta baya ta koma tana kwaikwayon ta gaba, indomi ba ta yin komai. Kafin nan sai an tabbatar babu huda a bututu kusa da sensocin, domin iskar da ke kutsawa ta huda tana sa su yi ƙarya. Idan kuma aka ga P0300 zuwa P0306, ko P0171, ko P0172 tare da ita, to waɗannan su ne masu laifin, su za a fara bi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai daga salansa yana nuna mai ya yi yawa ko fetur ɗin yana da farar wuta da yawa, ba lalle ne indomi ta mutu ba.

Gyara sanadi, sannan a zaɓi madadi

Ba a sayen indomi sai inji ya koma daidai. A duba fulogi da kwayil, a wanke nozil a gwada feshinsu, a auna ƙarfin matsin kowace silinda, a lura ko ruwan lagireto na raguwa ba tare da yoyo ba. Injin da ke fitar da shuɗin hayaƙi obahol yake buƙata, kuma sa masa indomi kafin obahol zubar da kuɗi ne.

Wanki yana amfani a hali ɗaya tak: idan baƙin hayaƙi ko maiƙo ne ya ɗan lulluɓe fuskar curin, tangaran kuma bai narke ba. Sai a kwance ta a jiƙa a ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye, a shanya ta bushe sarai. Wadda ta narke, ko ta fashe, ko guba ta cinye ƙarafanta, babu ruwan da zai dawo da ita, na kwano ko na kwalba.

Madadin da ake samu iri uku ne. Sabuwa ta kamfanin motar ita ce mafi inganci, amma kuɗinta ga tsohuwar mota yakan fi ƙarfin mai ita. Sai 'yar Beljiyam, wadda ake samowa daga manyan kasuwannin kayan mota irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, ita ce mafi yawan mutane ke komawa gare ta. Sai gama-gari, sabuwar tukunya wadda mai walda ke dasawa a kowace mota. Gama-gari mai kyau tana aiki idan an zaɓe ta daidai da girman inji, amma mai arha sosai ƙarafan cikinta kaɗan ne, takan yi 'yan watanni fitila ta dawo.

'Yar Beljiyam tana buƙatar ido. A ɗaga ta sama a haska tocila ta baki ɗaya a leƙa ta ɗayan: a lafiyayya za a ga haske yana ratsa ramukan reras, fuskar curin a shafe, launinta fari-fari ko ruwan toka. Idan tsakiyar ta lotsa, ko ta yi ƙyalli irin na abin da ya narke, ko wani gefe ya yi duhu, a ajiye. A girgiza ta a saurara. A bi jikinta da yatsa ana neman sabon ɗinkin walda, domin akwai masu yanke bayan tukunya su kwashe curin su cusa soson ƙarfe su like su shafa ƙasa. A gwada lambar da ke jikinta da ta tsohuwar, a ƙirga ramukan sensa. Wanda zai aika direba ya sayo masa daga Kano, ya ba shi tsohuwar ya tafi da ita, kuma a yi yarjejeniyar mayarwa kafin a biya.

Aikin canzawa

Ana yin aikin ne mota na sanyi, a kan ramin gareji ko a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashin mota ba ne, haka ma tarin bulo. A cire kan batir na nagatif. Tun da wuri a fesa wa kusoshin man kwance tsatsa a ba shi lokaci ya shiga, domin kusar da ta shekara ashirin tana shan wuta ba ta kwancewa da ƙarfin tuwo. Idan ta ƙi, a ɗan gasa notin, in ba haka ba ta karye a cikin manifol aikin awa ɗaya ya zama na wuni.

A fara zare soket ɗin sensa kafin a murɗa ta, don kada wayar ta nannaɗe ta tsinke daga ciki. Ba a wanke kan sensa da fetur, ba a goge shi da buroshin ƙarfe, ba a barinsa ya faɗi ƙasa. Idan sensoci biyu ne, a yi musu alama, domin sau da yawa ta gaba da ta baya ba iri ɗaya ba ne. A tallafe bututun da igiya ko waya kafin a sauke tukunyar, kada nauyinsa ya rataya a manifol.

Idan tsohuwar ta farfashe, wajibi ne a kwance tukunyar baya a zazzage ta, a busa bututun da iska. A motocin da indominsu ke manne da manifol akwai ƙarin haɗari, domin a wasu injuna garin tangaran yana iya komawa cikin silinda ya kankare bangonta. Irin wannan mota ba a ci gaba da tuƙa ta da fasasshiyar indomi.

Wadda ake ɗaurawa da kusoshi aikinta ba wuya: sabon gaskit, fuskokin a goge su tas, a ɗaura notocin a hankali bi da bi. Wadda za a yi wa walda kuwa tana da ƙa'idoji. A dasa ta a daidai inda tsohuwar take, domin idan aka ja ta baya ba za ta sami zafin da take buƙata ba. A bi kibiyar da ke jikinta, wadda ke nuna inda hayaƙi ke dosa. A fara ɗiga walda a wurare uku ko huɗu, a duba zamanta da tazararta daga jikin mota, sannan a zagaye. Maƙalin as na injin walda ya kasance a jikin bututun kusa da wurin aiki, sensoci kuma a cire, a kare tiyon mai da tanki da farantin ƙarfe da jiƙaƙƙen buhu. Ɗinkin ya zama ba huda ko ta allura. Farantin kare zafi, wanda yaran gareji suka saba jefarwa gefe, a mayar da shi. Shi ne tsakanin wutar indomi da kafet ɗin mota.

Bayan an haɗa, a shafa ɗan man hana kamewa a zaren sensa kawai, a ɗaura, a mayar da batir, a goge lambobin da ke birenbos. A tayar da inji a kusantar da hannu ga kowane haɗi, ba tare da taɓawa ba, a ji ko iska na fita. A bar shi ya yi zafi a silo, sannan a hau kwalta a yi tafiya mai ɗan tsawo a natse, kamar daga Mafara zuwa Lambar Bakura a dawo. Birenbos ba ta gama gwada sabuwar indomi a tafiya ɗaya, don haka a sake yin sikanin bayan 'yan kwanaki.

Cirewa

Hanyar da aka saba ita ce a sauke tukunyar a zura rodi a farfasa curin a zazzage, ko a yanke ta a dasa miƙaƙƙen bututu. Direbobi da yawa sun yi imani cewa hakan yana ƙara wa mota wuta. Gaskiyar ita ce motar da ta sami ƙarfi bayan an cire mata indomi, toshewa ce ke damunta. Lafiyayyar indomi ƙarfin da take ragewa ɗan kaɗan ne, wanda direba ba zai ji a ƙafarsa ba. Cire lafiyayya asara ce zalla.

Wasu kuma sun ce cirewa na sa mota shan mai, abin da ya zama babbar magana tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. A mota mai sensa ɗaya, birenbos ba ta ma san an cire ba. Idan shan mai ya ƙaru, galibi an illata sensar ne da duka ko da walda, ko an bar huda a gabanta, ko kuma ciwon da ya kashe indomin tun farko yana nan. A mai sensa biyu, fitilar cek injin za ta kama ta zauna, kuma wasu motocin suna amfani da rahoton sensar baya wajen daidaita mai. Ɗan ƙarfen da ake sawa a ja sensar baya daga bakin hayaƙi, ko kashe lambar a birenbos, ko zare ƙwan fitilar, duk rufe ido ne: hayaƙin bai canza ba, mai motar kuma ya rasa abin da zai gargaɗe shi ranar da wani sabon ciwo ya taso.

Babbar asarar a jikin mutane take. Ba tare da indomi ba, guba tana fita ninki-ninki, kuma wanda ya fi shaƙarta shi ne na kusa. Ranar kasuwar Talata, a dubi Golf mai bodi da aka ɗaure wa but a buɗe da igiya saboda kaya sun yi yawa, da fasinja zaune a baya: iskar da ke bin bayan mota tana murɗowa ta mayar da hayaƙin ciki. Ciwon kai da jiri da gyangyaɗin da ake ɗora wa gajiyar hanya, wani lokaci kabon monoksaid ne. Haka masu tallan da ke tsaye a bakin salansa a tasha, da yaron mota da ke kwana a ciki inji na aiki. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da na gas tun 2011, ƙasashen ECOWAS kuma sun amince a 2020 da tsaurara ƙa'idar mai da ta motocin da ake shigowa da su. A Amurka cire indomi laifi ne, a Ingila kuma motar da aka ƙera da indomi ba ta cin gwajin shekara ba tare da ita ba.

Duk da haka, akwai direban da indominsa za ta toshe a tsakiyar mako, da iyali a gida, ba shi da kuɗin wata. Idan dole ta sa, gara a sauke tukunyar gaba ɗaya a sa guntun bututu da kusoshi, a matsayin na wucin gadi, yadda mayar da wata zai zo da sauƙi. A bar sensar gaba a inda take tana aiki, a toshe duk wata huda, a tabbatar bakin salansa ya fita bayan bodi, a daina tafiya da but a buɗe. Farfasa curi da rodi ya kamata a bar shi, ko don yaran da ake sa wa aikin, waɗanda ke shaƙar garin tangaran da zaren bargon nan ba ko ƙyalle a hancinsu. Inda ya zama dole a taɓa fasasshen curi, a yayyafa masa ruwa, a rufe hanci da baki.

Tsohuwar indomi kuma dukiyar mai mota ce. Afirka ta Kudu da Rasha ne ke haƙo mafi yawan ƙarafan nan, kuma a farkon 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya haura dala 25,000, abin da ya ruruta satar indomi a duniya. Matacciya ma 'yan gwangwan suna sayenta da daraja. Saboda haka duk wanda aka ce masa indominsa ta mutu, yana da haƙƙin ya ce wa bakanike, cikin mutunci: “Maigida, a gwada a gabana, in an sauke kuma a ba ni abata.” Bakanike mai amana ba zai ji haushin wannan ba. Mai sayen mota a hannun dillali ya leƙa ƙasa ya nemi sabuwar walda, ya ƙwanƙwasa tukunyar ya ji ko fanko ce, ya kuma lura ko fitilar cek injin tana kamawa idan aka murɗa makulli kafin a tayar. Wanda ya mallaki lafiyayya yana iya ɗiga walda a kan notocinta ko ya buga mata lambar motarsa. Kuma kada ya ajiye mota mai zafi a kan busasshiyar ciyawa ko tattakar shinkafa a bakin gona, domin zafin tukunyar ya isa ya tayar da gobara.

Sauran kayan hayaƙi

Indomi ba ita kaɗai ba ce. Bawul ɗin EGR yana mayar da ɗan hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna. Idan baƙi ya maƙale shi a buɗe, silo ya lalace, kuma maganinsa wanki ne. Toshe shi a injin fetur yana iya jawo ƙwanƙwasar inji a lokacin zafin bazara. Ƙaramin bawul ɗin numfashin inji da ke kan murfin tof, idan ya toshe, yana tura baƙin mai ta sil da gaskit, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Gwangwanin gawayi da ke tara tururin tanki yana lalacewa idan ana ɗura mai har wuya; idan aka cire shi aka bar tiyonsa a buɗe, iska da ƙura za su shiga inji kai tsaye.

Motocin gas, wato dizal, na baya-bayan nan da aka yi wa kasuwar Turai suna da matatar baƙin hayaƙi, wadda ita tana tara datti ne ta ƙona shi idan ta yi zafi a doguwar tafiya. Gajerun zirga-zirga a cikin gari, da gas mai yawan farar wuta, da baƙin man da ba nata ba, su ke cika ta. Idan fitilarta ta kama, a hau babban titi a riƙe gudu matsakaici na kusan rabin awa ba tsayawa. Idan fitilar ba ta mutu ba, sai a sa na'ura ta tilasta ƙonawar, a fili nesa da ciyawa, ko a sauke matatar a wanke ta daga baya zuwa gaba, bayan an duba nozil da EGR da suka sa ta cika.